Ɓarawon da Mai Gida Ke Buɗe wa Ƙofa: Kare Kwamfutar Gida daga Muguwar Manhaja

Kwamfutar da ke ajiye a ɗakin maigida, ko wadda yara ke karɓa-karɓa da ita bayan sun taso daga makaranta, ta daina zama na'urar buga takardu kawai tun ranar da aka haɗa ta da intanet, domin a cikinta ne yanzu ake ajiye hotunan iyali da takardun shaidar karatu da lissafin kasuwanci, kuma ta cikinta ake shiga akwatin imel da asusun banki da shafukan sada zumunta. Wannan tarin bayanai shi ne abin da masu kutse ke hari, kuma makamin da suka fi dogara da shi shi ne muguwar manhaja, wato duk wani jerin umarni da aka rubuta da nufin ya shiga na'ura ya yi aikin da mai ita bai amince da shi ba. Jama'a sun saba haɗa su duka su kira su ƙwayar cutar kwamfuta, amma masana sun rarraba su gwargwadon aikinsu, domin akwai wadda ke kwafar kanta tana yaɗuwa daga fayil zuwa fayil, da wadda ke zuwa da kamannin manhaja mai amfani alhali sharri ne a cikinta, da mai leƙen asiri da ke kwashe kalmomin sirri, da kuma mai garkuwa da bayanai, wadda ke kulle fayilolin mutum ta ce sai an biya kuɗin fansa. Wannan sharhi ya taƙaita ne ga wadda ake kwasowa yayin yawo a shafukan intanet, da kuma sauyin da aka samu a hanyar shigarta, domin wanda bai fahimci wannan sauyi ba zai ci gaba da tsare ƙofar da ɓarawo ya daina bi.

Hanyar yaɗuwar waɗannan manhajoji ta riƙa bin hanyar da mutane ke musayar bayanai a kowane zamani. Brain, wadda 'yan'uwa biyu, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta a birnin Lahore na Pakistan a 1986, ta faifan ajiya na wancan lokaci ta riƙa tafiya daga hannu zuwa hannu, yayin da ILOVEYOU, wadda ta ɓulla daga Filifin a watan Mayun 2000, ta hau saƙon imel ta zagaye duniya cikin 'yan kwanaki. Da yawo a shafuka ya zama ruwan dare, sai burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita irin su Chrome da Firefox da Edge, ta zama babbar mashiga, kuma an yi shekaru ana fama da wani salo mai ban tsoro inda buɗe shafi kaɗai ya isa a kamu, ba tare da mutum ya latsa komai ba.

Abin da ya faru a watan Maris na 2016 ya isa misali. A lokacin, tallace-tallace masu ɗauke da sharri sun bayyana a shafukan jaridar New York Times da BBC da MSN da AOL, ba don an fasa shafukan ba, sai don manyan shafuka ba su ne ke zaɓen kowane tallan da ke fitowa a gefensu ba; kamfanonin dillancin talla ne ke sayar da gurbin cikin ƙiftawar ido, kuma ta nan ne miyagu suka saya suka cusa nasu. Tallan yakan karkatar da burauzar mai ziyara a ɓoye zuwa wani tarin kayan kutse da ake kira Angler, wanda ke lalube na'urar yana neman tsohuwar Flash ko Silverlight, wato ƙananan manhajojin da a da ake buƙata don kallon bidiyo da wasanni, idan ya sami wadda ba a sabunta ba sai ya bi ta kafarta ya dasa manhajar garkuwa da bayanai. Wannan lamari ya rushe tunanin da har yau wasu ke riƙe da shi, cewa sai mai ziyartar shafukan batsa da caca ne ke kamuwa. Shafukan banza sun fi haɗari, babu shakka, amma mai karanta labarai a jarida mai mutunci ma ya kamu.

Daga baya an toshe mafi yawan wannan kafa. Kamfanin Adobe ya dakatar da Flash a ƙarshen shekarar 2020, Microsoft ya yi wa Internet Explorer ritaya a watan Yunin 2022, burauzoji na yanzu kuma suna sabunta kansu da kansu, suna killace kowane shafi a keɓe ta yadda abin da ke cikinsa ba zai iya taɓa sauran na'urar kai tsaye ba. Har yanzu akan gano kafar da ba a sani ba lokaci zuwa lokaci, sai dai irin wannan kafa tana da tsada, kuma ba kasafai ake ɓarnatar da ita a kan kwamfutar talaka ba. Sakamakon haka masu kutse suka sauya dabara, suka koma kan mutumin da ke zaune gaban allon. Lamarin ya zama kamar gidan da aka ɗaga katangarsa har ɓarawo ya kasa haurawa, sai ya zo ta zaure ya yi sallama da shigar mai gyaran wuta, maigidan da kansa ya yi masa iso har ɗaki.

Manhajar Lumma ita ce fitacciyar shaidar wannan zamani. Tun 2022 ake tallata ta a dandalin masu kutse da ke magana da Rashanci, kuma haya ake ba da ita bisa kuɗin wata-wata, ta yadda wanda bai iya rubuta layi ɗaya na umarnin kwamfuta ba zai iya biya ya fara sata. Aikinta ba ya ɗaukar lokaci: da zarar ta shiga, sai ta kwashe kalmomin sirrin da aka ajiye a burauza, da bayanan katin banki, da mabuɗan asusun kuɗin kirifto, ta aika wa ubangidanta, sau da yawa ba tare da kwamfutar ta nuna wata alamar ciwo ba. Abin da ya fi muni shi ne tana kwashe kukis, wato ƙananan fayilolin da shafi ke ajiyewa a burauza a matsayin shaidar cewa an riga an tantance mai asusun, waɗanda su ne dalilin da ya sa ba a tambayar mutum kalmar sirri kullum idan ya buɗe imel ɗinsa. Wanda ya saci wannan shaida yana iya shiga asusun ba tare da kalmar sirri ba, kuma a lokuta da dama ba tare da lambar tabbatarwa da ake turowa ta waya ba. A watan Mayun 2025 Microsoft ya bayyana cewa ya gano kwamfutoci masu amfani da Windows sama da 394,000 da Lumma ta shiga tsakanin 16 ga Maris da 16 ga Mayu na shekarar, kuma tare da hukumomin Amurka da Turai da Japan an ƙwace ko an toshe adireshin intanet kusan 2,300 da take aiki da su. Ba a daɗe ba masu bincike suka sake ganin ta tana aiki, wanda ke nuna cewa samamen hukuma yana rage ɓarna ne, ba ya ɗauke wa mai kwamfuta nauyin kula da na'urarsa.

Daga cikin dabarun da ake shigar da Lumma da ire-irenta, akwai wadda ta yaɗu tun 2024 da ta cancanci a tsaya a kanta, saboda ta yi amfani da abin da kowa ya saba da shi. Mai ziyara yakan ci karo da akwatin nan da ke neman a tabbatar cewa mutum ne ba na'ura ba, amma maimakon a ce ya zaɓi hotunan motoci ko fitilun hanya, sai a umarce shi ya danna maɓallin Windows tare da harafin R, sannan Ctrl da V, sannan Enter. Abin da bai sani ba shi ne shafin ya riga ya ajiye wani umarni a ma'ajiyar kwafi ta kwamfutar, dannawar farko ta buɗe akwatin ba da umarni na Windows, ta biyu ta liƙa umarnin a ciki, ta uku ta zartar da shi, don haka shi ne da yatsunsa ya aika kwamfutarsa ta sauko da muguwar manhajar. Burauza ba ta da abin da za ta hana a nan, tun da aikin ya fita daga hannunta. Ƙa'idar kuwa ba ta da togaciya: babu wani shafi na gaskiya da zai nemi a kwafi umarni a liƙa shi a wani akwati na Windows don tabbatar da cewa mai ziyara ɗan Adam ne, ko don gyara wata matsala ta nuna bidiyo. 'Yar'uwar wannan dabara ita ce sanarwar ƙarya da ke fitowa a tsakiyar shafi tana cewa burauza ta tsufa, a latsa nan a sauke sabuwa, alhali burauza daga cikin saitinta take sabunta kanta, ba daga shafin wani ba. Haka nan allon da ke cika fuskar kwamfuta da ja da ƙara, yana cewa an gano cututtuka da yawa, a kira wata lamba ko a sayi magani yanzu-yanzu, shafi ne kawai, ba shi da ikon bincika abin da ke cikin na'urar, kuma rufe burauzar ya wadatar.

Hanyar da ta fi shafar jama'a a Nijeriya da Nijar, duk da haka, ita ce manhajar da aka fasa don a yi amfani da ita ba tare da biyan lasisi ba. Kwamfutoci da yawa a gidaje na hannu ne da aka shigo da su daga ƙetare, kuma kafin su isa ga mai saye an riga an ɗora musu Windows da Office da Photoshop da CorelDRAW waɗanda ba a biya kuɗinsu ba, daga baya kuma ɗalibi ko mai zane yakan shiga intanet da kansa yana neman fasasshen kwafi na wata manhaja ko wasa. Shafukan da ke raba irin waɗannan fayiloli kusan kullum suna ba da umarni biyu: a kashe manhajar tsaro kafin a fara, sannan a buɗe dunƙulallen fayil da wata kalmar sirri da suka rubuta a shafin. Dalilin kalmar sirrin shi ne manhajar tsaro ba ta iya leƙa cikin fayil ɗin da aka kulle, dalilin kashe ta kuwa a fili yake. Manhajar garkuwa da bayanai da ake kira STOP ko Djvu, wadda ta shafe shekaru tana cikin waɗanda suka fi addabar kwamfutocin gida, ta wannan hanya ta fi yaɗuwa, kuma ta saba neman dala 980, ko 490 ga wanda ya tuntuɓi masu ita cikin sa'o'i 72. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa manhaja, ya biya kuɗin riƙe shafi, ya raba ta kyauta, yana da inda yake fanshewa. Ba a musun cewa kuɗin lasisi da dala ya fi ƙarfin iyalai da dama, amma akwai mafita ta halal da ba ta da tsada ko kaɗan, domin LibreOffice tana yin mafi yawan aikin rubutu da lissafi, GIMP da Inkscape suna aikin hoto da zane, kuma duka kyauta ne daga masu su.

Ko da manhajar halal ce, inda aka sauko da ita yana da muhimmanci. Masu kutse suna sayen gurbin talla a saman sakamakon bincike da sunan sanannun manhajoji, su kai mutum shafin da ya yi kama da na ainihi, bambancin kawai harafi ɗaya ko biyu a adireshin, har ta kai hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a watan Disambar 2022, ta kuma ba da shawarar amfani da manhajar toshe talla yayin bincike. Alamar kwaɗo da ke fitowa kusa da adireshi ba ta wanke shafi, domin abin da take nufi kawai shi ne an sirranta saƙon da ke tsakanin kwamfuta da shafin, ba wai mai shafin amintacce ba ne, kuma saboda yawan kuskuren fahimtarta ne Chrome ta cire ta a 2023. Ƙananan manhajojin ƙari da ake liƙa wa burauza ma abin lura ne, tun da yawancinsu suna iya karanta duk abin da ke shafin da aka buɗe. The Great Suspender, wadda a lokacin mutane sama da miliyan 2 ke amfani da ita, ta zama abar zargi bayan mai ita ya sayar da ita ga wani da ba a sani ba, har Google ya cire ta a watan Fabrairun 2021. Wadda ba a buƙata gara a cire ta.

Sabunta babbar manhaja, wato Windows ko makamanciyarta da ke tafiyar da kwamfutar baki ɗaya, shi ne abin da ake yawan wasa da shi saboda tsadar data, har wasu masu gyara kan kashe shi gaba ɗaya da sunan taimaka wa abokin ciniki. Kowace sabuntawar tsaro toshe kafa ce da aka gano, kuma da zarar an fitar da ita, masu kutse suna nazarinta su san inda kafar take, su nemi waɗanda ba su toshe ba. WannaCry, wadda ta ɓarke ranar 12 ga Mayun 2017 ta shafi kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke dubban alƙawuran ganin likita, ta bi ne ta kafar da Microsoft ya fitar da maganinta tun watan Maris na shekarar. Microsoft yana fitar da gyare-gyarensa ne a Talata ta biyu ta kowane wata, don haka iyalin da ke tattalin data suna iya ware dare ɗaya a wata, lokacin da kamfanonin sadarwa ke sayar da data da rahusa, su bar kwamfutar ta kammala. Matsalar ta fi girma ga tsofaffin na'urori, domin an daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Chrome ma ta daina sabunta kanta a kai tun farkon 2023, tallafin Windows 10 na yau da kullum kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, yayin da kwamfutocin hannu da yawa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Irin wannan na'ura ba ta zama shara ba, ana iya ɗora mata Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne kuma ana ci gaba da sabunta su, amma shiga asusun banki da Windows ɗin da aka daina gyarawa ganganci ne.

Game da manhajar tsaro, Microsoft Defender da ke zuwa a cikin Windows ta wadatar da mafi yawan gidaje matuƙar an bar ta a kunne tana sabunta kanta, kuma tara biyu ko uku a na'ura ɗaya ba ya ƙara komai sai nauyi da karo da juna. Abin da ya fi sayen wata amfani shi ne raba asusun shiga kwamfutar, a ware na mai gudanarwa, wanda ke da ikon ɗora manhaja da sauya saiti, a rufe shi da kalmar sirri a hannun babba ɗaya, yara da baƙi kuma a buɗe musu asusu na gama-gari, ta yadda ɗora manhajar da za ta taɓa tushen na'urar sai an nemi izini. Yana da kyau kuma a saita Windows ta riƙa nuna ƙarshen sunan fayil, domin abin da aka ce takarda ce ko waƙa ko fim amma sunansa ya ƙare da exe ko scr ko bat, manhaja ce mai zartar da umarni. Ƙaramin faifan ajiya (filashi) da ya zagaya shagunan buga takardu a bincike shi kafin a buɗe.

Saura batun abin da za a rasa idan duk wannan ya gaza. Kalmar sirri ɗaya ga imel da banki da Facebook tana nufin satar ɗaya ita ce satar duka, kuma ajiye kalmar sirrin banki a burauzar kwamfutar da kowa ke taɓawa daidai yake da ajiye ta inda Lumma ke fara dubawa. Tantancewa mai mataki biyu, inda bayan kalmar sirri ake neman wata lamba daga waya, ba ta hana satar kukis, amma tana tare mafi yawan masu riƙe da kalmar sirri kaɗai, don haka kunna ta wajibi ne. Hotuna da takardu kuwa a kwafe su lokaci-lokaci zuwa wani faifan ajiya na waje, a kuma zare shi daga jikin kwamfutar bayan an gama, domin manhajar garkuwa da bayanai tana kulle duk faifan da ta tarar a jone.

Idan aka yi zargin an kamu, ko dai saboda abokai sun fara samun saƙonnin da mutum bai aika ba, ko an ga shiga asusu daga wata ƙasa, ko kuma an tuna cewa an bi irin umarnin da aka ambata a baya, jerin matakan yana da muhimmanci. Da farko a katse intanet daga kwamfutar, sannan a ɗauki wata na'ura daban mai tsabta a sauya kalmomin sirri da ita, domin sabuwar kalmar da aka rubuta a kan kwamfutar da ta kamu tana iya bin sawun tsohuwar. A fara da imel, tun da ta cikinsa ake dawo da sauran asusai, a kuma zaɓi umarnin fita daga dukkan na'urori domin a kashe kukis ɗin da aka sace, sannan a sanar da banki ya toshe katin da aka taɓa amfani da shi a burauzar. Wanda aka kulle wa fayiloli kada ya yi gaggawar biya, domin biya ba ya tabbatar da samun mabuɗi. Shirin No More Ransom, wanda Europol da 'yan sandan Holan suka kafa tare da kamfanonin tsaro a watan Yulin 2016, yana raba mabuɗan wasu nau'o'in kyauta, kuma ko ba a sami na wani nau'i a yau ba, ajiye kulallun fayilolin ya fi goge su. A Nijeriya ana iya kai rahoto ga ngCERT, cibiyar da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro. Ita kwamfutar kanta, binciken manhajar tsaro yana iya cire abin da ya gani, amma muguwar manhaja ɗaya takan sauko da wasu a bayanta, saboda haka abin da ya fi tabbas shi ne a kwashe takardu da hotuna kaɗai, a goge faifan gaba ɗaya, a sake ɗora babbar manhajar daga kwafin da aka sauko da shi a shafin kamfanin da ya yi ta, kuma idan mai gyara ne zai yi aikin, a tambaye shi inda ya samo kwafin da zai ɗora kafin a miƙa masa na'urar.